Wuƙar Jego

Ni ba ɗan maƙera ba ne. A zuri'armu babu wanda ya taɓa riƙe awartaki. Manoma ne tun kakanni, sai ni da mishan suka ɗauka suka koya wa karatu, na zama malamin firamare. Kaɗaici ne ya kai ni ga ƙira, a daminar da matata ta tafi gidansu goyon ciki ta bar ni a wani ƙauye da ke bayan Maska, inda aka tura ni koyarwa a shekarun da ake ta buɗe sababbin makarantu ko'ina.

Amma sai na fara faɗin abin da ya faru kafin wannan daminar, in ba haka ba za a ɗauka wasa ne kawai ya sa malamin makaranta ya riƙa ƙona yatsunsa a bayan ɗaki.

Cikinta na fari ban bar ta ta je gida ba. Na ce ni mai ilimi ne, matata a gabana za ta haihu. Surukata ce ta taso daga ƙauyensu na wajen Kafur ta zo yi mata wankan jego. Namiji aka samu. Tsohuwar ta zo da wata 'yar wuƙa baƙa, ƙotarta ta sha hannu har tana sheƙi, ta tura ta ƙarƙashin tsumma daidai kan jaririn. Haka ake yi a wajenmu, Musulmi da Kirista da waɗanda ba su bi ko ɗaya ba: a ajiye ƙarfe a kan jariri don kada wani mugun abu ya matso shi. Wuƙar ta kakar matata ce. Ita ta kwana a kan matata tana jaririya, ita ta kwana a kan ƙannenta duka.

A rana ta uku na gan ta. Lokacin ina ji da kaina, ni ke karanta Littafi a majami'ar da muke zuwa a keke ran Lahadi, kuma a ganina duk wanda bai shiga aji ba a duhu yake. Na zare wuƙar, na tsaya a tsakar gida na yi wa surukata wa'azi, ni da ya kamata in durƙusa kaina a ƙasa in gaishe ta. Na ce a gidana ba a haɗa Ubangiji da guntun ƙarfe. Na fita na wurga wuƙar cikin kududdufin bayan makaranta. A rana ta biyar da hantsi yaron ya daina kama nono, jikinsa ya sandare, kafin la'asar ya tafi. Ko suna bai samu ba.

Har yau ban yarda wuƙa tana tsare rai ba. Na san ciwo ne ya ɗauke shi, irin wanda ya ɗauki jarirai da yawa masu wuƙa a kansu. Amma sanin haka bai hana ni shiga kududdufin nan ba da rani, da ruwan ya janye, na naɗe wando ina laluben laka da hannu. Na sami fasassun kwalabe da tsohon kwano. Wuƙar ban same ta ba.

Matata ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan shi ya fi cina. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Tana dafa abinci, tana wanke mini riguna, in na dawo ta ce, “Sannu da zuwa, Malam.” Daga nan shi ke nan. Mun yi fiye da shekara muna zaune kamar baƙi biyu da mota ta lalace musu a hanya.

Da ciki na biyu ya kai wata bakwai surukata ta sake zuwa. Ba ta sha ko ruwan gidana ba. Ta dubi bango ta ce, “Na zo tafiya da ita.” Wannan karon ban yi wa'azi ba. Ni na ɗauki akwatin a bayan keke har bakin hanya. Da motar ta fara motsi matata ta leƙo ta ce akwai daddawa a cikin ƙaramar tukunya, kada in bari ɓera ya shiga. Na tsaya ina jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. A raina na san cewa idan wannan ma bai zauna ba, ba za ta dawo gidana ba. Ko ya zauna ma ban tabbata za ta dawo ba.

Gidan malamai ɗaki biyu ne a gefen gari, rufin kwano. Sauran malaman 'yan Funtua ne, ana tashi suke hawa kekunansu. Mutanen garin ba su taɓa yi mini wulaƙanci ba, sukan aiko mini da kuɓewa da ɗanyar masara, amma hirar dandali ba tawa ba ce. Ina zama, ana kiran salla, kowa ya miƙe ya bar ni da tabarma. In na koma gida babu abin da ke magana sai kwanon rufi in ruwa ya sauko. Har shirun matata na yi kewarsa, don shirun mutum biyu daban yake da na mutum ɗaya.

Wuri ɗaya ne a garin da ba a buƙatar magana, wato maƙera. Rumfa ce ƙarƙashin tsamiya, ta wani tsoho mai gajeren gemu da hannuwa kamar itace. Damina ce, manoma na kawo fartanya da garma a gyara musu, kuma al'adar wurin ita ce mai kaya shi ke zama ya yi zuga, maƙeri ya yi duka. Ni ba ni da fartanya, sai na riƙa karɓar zugar wasu. Zuga-zugin na fatar akuya ne guda biyu, ka danna na dama ka saki na hagu. Ranar farko na yi ta danna su tare, wutar na tari kamar mai mura.

Tsohon ya ce, “Malam, alli ya ƙare a makaranta ne?”

Na ce, “Bai ƙare ba, Baba. Hannuna ne ke son motsi.”

“To motsa shi ɗaya bayan ɗaya. Wuta ba a yi mata tsawa.”

Na yi makonni ina zuga ina kallo. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce ya koya mini ƙira. Ya daɗe yana juya wani ruwan fartanya a wuta kafin ya amsa. Ya ce ƙira gadon gidansu ce, ubansa bai koya wa bare ba, shi ma ba zai fara ba. Can kuma ya ce, “Amma ban ce ka rufe idonka ba.” Da zan tafi ya zaro wani tsohon zuga-zugi daga cikin rufin rumfar, wanda gara ta fara ci, ya ce yana tare masa wuri, in kai shi duk inda na ga dama.

Haka na kafa tawa maƙerar a bayan ɗaki, inda matata ke shanya. Na samo guntun ƙarfen layin dogo a wajen masu tsofaffin ƙarafa a Funtua, na ɗauro shi a keke, sai da na tura keken da ƙafa rabin hanya. Shi ne abin dukana. Gudumar kafinta na saya, ita na sani. Na haƙa ɗan rami na liƙe da laka, na toshe hujojin zuga-zugin da facin keke. A lokacin in an tambaye ni abin da nake ƙerawa cewa nake wuƙar yanka albasa. Har kaina na gaya wa haka, na kuma kusa yarda.

Ta farko da bakin tsohuwar garwa na yi ta, don shi ya fi sauƙin duka. Ta yi kyau a ido. Na gwada ta a kan rogo, ta lanƙwashe ta dube ni. Na kai wa tsohon, ya miƙar da ita da yatsu biyu ya ce wannan ai cokali ne da bai gama yanke shawara ba. Bai ce in nemi sifirin ɗin mota ba, sai dai ya ɗauki wani guntu a gefensa ya yi ta jujjuya shi a gabana har na gane.

Sifirin kuwa ba garwa ba ne. Gawayin girki ba ya ko sa shi ja sosai, sai da na lura cewa tsohon na itacen ƙirya kawai yake hurawa. Da na samo gawayin ƙirya sai wata wahalar ta fito, wadda ban taɓa lura da ita a rumfar tsamiya ba. Can mutum biyu ne kullum. Ni kuwa in na yi zuga ƙarfen ya yi ja, kafin in saki fata, in laluɓo awartaki, in ɗauko guduma, ya fara duhu. In yi masa duka huɗu ko biyar, in waiwayo, wutar ta kwanta. In koma in tashe ta daga farko. Abin da tsohon ke yi kafin a sha fura ni sai in yi la'asar uku a kansa. Sau da yawa nakan ajiye guduma in zauna ina kallon gurbin mai zuga, babu kowa a wurin.

Ta biyun na kai ta har siffar wuƙa. Na ga tsohon yana tsoma ƙarfe a ruwa don ya yi tauri, to ni ma na hura ta har ta yi fari-fari, na cusa ta cikin bokitin ruwan rijiya mai sanyi. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Da na ɗago ta rabi ne a bakin awartaki, rabin na ƙasan bokiti. Na yi jifa da gudumar har ta huda zanar maƙwabci. Ta ukun kuma na bar ta a wuta ina tunanin wani abu, sai tartsatsi na gani yana tashi, tsinin ya cinye. Tafin hannuna duk ya yi bororo. Da safe in na riƙe alli sai in ciji leɓe, rubutuna a allo ya koma kamar na ɗan aji ɗaya.

Duk wannan lokacin wasiƙa biyu na aika Kafur, babu amsa. Matata ta iya karatu, ni na koya mata. Kullum in motar kasuwa ta tsaya a bakin hanya sai in sami dalilin wucewa ta wurin.

Dawa ta fara fitar da kai lokacin da na kai wa tsohon gutsattsarin ta biyu da ta uku. Ya jera su a tafinsa, ya ce, “Malam, wannan wahala ta mi ce? Kawo sifirin, wuta biyu in yi maka wuƙar da za ta aske gemu.”

Na ce a'a.

“To albasar nan taka wace iri ce?”

Babu kowa a rumfar sai mu biyu. Ban san lokacin da na fara ba, na gaya masa duka: wuƙar kakar, wa'azin, kududdufi, rana ta biyar. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko faston da ya binne yaron. Na ce na san ba zan iya mayar da waccan ba, amma ba na so in je gaban matata da wuƙar da wani ya yi. Tsohon bai ce na yi laifi ba, bai ce ban yi ba. Ya mayar mini da gutsattsarin, ya ce in gaida gida.

Washegari bayan la'asar ina tsugune ina faman tada wuta na ji sallama. Shi ne, da sandarsa. Ya dubi ramina da ƙarfen dogo da gudumar kafinta, ya girgiza kai kamar wanda ya ga an ɗaura wa jaki sirdi. Sannan ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa, a gurbin mai zuga, ya kama fatun nan biyu.

Na miƙa masa guduma. Ya ce, “Ni zuga na zo yi. Duka naka ne.”

Mutumin da ya yi shekara da shekaru wasu na yi masa zuga, shi ne ya zauna yana yi mini. Wutar ta tsaya da ƙafarta, ba ta kwanta ba ko sau ɗaya. Bai koya mini komai ba, ya cika maganarsa. In ƙarfen ya kai sai kawai ya daina zuga, in ciro. In na yi duka a inda bai dace ba sai ya yi tari. A yammacin nan ɗaya ruwan wuƙar ya fito, mai kauri, ya ɗan karkace hagu, amma wuƙa ce. Da aka kira magariba ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce saura kaifi da ruwa, kuma in bi a hankali, kada in sake yi mata wanka irin na waccan. Bai sake zuwa ba, ni ma ban roƙe shi ba.

Na kwana biyu ina goga ta da magagari, ina jin tsoron ranar tsomawa a ruwa. Ban kai ga ranar ba. Ranar kasuwa yaron mota ya miƙo mini takarda, rubutun ƙanin matata ne. An sauka lafiya, mace. Na duba ranar da aka rubuta, na ƙirga da yatsu. Takardar ta kwana uku a aljihun wani. Gobe ne rana ta biyar.

Wuƙar ba ta da kaifi, ba ta sha ruwa ba, ba ta da ƙota. Na tsaga reshen gwaiba na cusa gindinta, na naɗe da robar tayar keke. Na nannaɗe ta a tsohon ƙyalle na sa a aljihu. Da sassafe na bar wa hedimasta saƙo, na hau keke zuwa Maska, na shiga mota zuwa Funtua, wata zuwa Malumfashi, na daɗe a tasha kafin ta Kafur ta cika. Daga inda aka sauke ni na taka da ƙafa cikin gonakin auduga. Duk tsawon hanyar hannuna na kan aljihu, kuma ina jin kunyar abin da ke ciki.

Rana ta karkata lokacin da na shiga gidan. Surukata na bakin murhu tana iza wuta ƙarƙashin babbar tukunyar ruwan wanka. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe ta yadda ya kamata in gaishe ta tun wancan karon. Ta amsa a taƙaice ba ta dube ni ba. Sai na zaro ƙyallen na ajiye a gabanta.

Ta warware. Ta juya wuƙar, ta dubi robar keke, ta goga bakin a babban yatsanta.

Ta ce, “Wane maƙerin ne ya cuce ka?”

Na ce, “Ni na yi, Inna.”

Sai a lokacin ta dube ni, ta dubi hannuwana. Ta ce, “Wannan ko kabewa ba za ta yanka ba.”

Daga cikin ɗaki na ji muryar matata. “Inna, ai ba yanka za ta yi ba. Bari ya shigo.”

Ɗakin da ɗumi, yana ƙamshin hayaƙi da kunun kanwa. Tana zaune a bakin gado ta jingina da bango. Ban taɓa ganin idanunta haka ba, sun faɗa, sun yi ja. Jaririyar na kwance a gefenta cikin zane, tana numfashi, 'yar mitsitsiya. Idona ya tafi wajen kanta da kansa. Na ɗauka zan ga ƙotar wata wuƙa ta leƙo, ko ta girki ce, don gidan nan ba gidana ba ne, babu mai hana su. Babu komai a wurin.

Matata ta ga inda nake kallo. Ta ce, “Inna ta kawo har sau uku. Na ce a'a. Ka ce ba kyau.”

Surukata na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, da bango take magana kamar kullum, “Kwana biyar ba ta rintsa ba. Ita ce wuƙar. Zaune take tana gadi.”

Ni ina can ina dukan ƙarfe ina tsammani ta ƙi ni, ashe ita tana nan tana riƙe da maganar da na yi cikin fushi, maganar da ni kaina na daɗe da yin nadamarta. Na so in ce ta yafe mini, bakina ya ƙi. Na karɓi wuƙar daga hannun tsohuwar na miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

Ta ce, “Malam, kai ka cire. Kai za ka mayar.”

Na durƙusa a bakin gadon. Na ɗaga gefen tsumman, na tura karkatacciyar wuƙata a ƙarƙashi, bakinta na kallon bango, na gyara zanen. Yarinyar ta ɗan motsa baki, ta ci gaba da barcinta.

Na ɗago don in faɗi abin da na yi wata biyu ina shiryawa. Kan matata ya riga ya langaɓe a jikin bango, bakinta a ɗan buɗe. Surukata ta shigo a hankali ta kwantar da ita, ta ja mata zane. Ta fita ta rage wutar ruwan wanka, ta ce wankan yau sai mai jego ta tashi. Ni kuwa ba wanda ya ce in fita, sai na zauna a ƙasa kusa da kan yarinyar.